Darasi: Harafin 壹, Ɗayan da Sinawa Ke Rubutawa a Kan Kuɗi

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar yuan ɗari ta ƙasar Sin, jar nan mai hoton Mao Zedong, ya ga lambar 100 irin wadda muka sani, tare da haruffan Sinanci guda uku: 壹佰圆. Na farkonsu, 壹, ma'anarsa ɗaya, kuma ana furta shi "yi". Sai an ɗora alƙalami an ɗaga sau 12 kafin a gama rubuta shi.

Amma ba shi ne ɗayan da ake koya wa yaro a ajin farko ba. Wanda yaro ke koya shi ne 一, layi guda a kwance. Shi ma "yi" ake furta shi, kuma adadin da yake nufi daidai yake da na wancan. To me ya sa al'umma za ta ajiye haruffa biyu don adadi guda, ɗaya mai sauƙi ƙwarai, ɗaya mai cin lokaci? A wannan darasi za mu bi sawun 壹 tun daga inda ya samo siffarsa har zuwa teburin ma'aikacin banki na yau.

Raunin layi guda

Rubutun Sinanci mafi tsufa da aka samu da yawa shi ne wanda aka sassaƙa a kan ƙasusuwan shanu da ɓawon kunkuru a zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. An tono yawancinsu a kusa da garin Anyang. A cikinsu ɗaya layi guda ne, biyu layi biyu, uku layi uku, huɗu ma layi huɗu. Daga baya huɗu ya sauya ya zama 四, amma 一 da 二 da 三 suna nan yadda suke har yau.

Ku dubi waɗannan haruffa da idon mai son zamba. Idan aka rubuta 一 a rasit, ƙarin layi guda a ƙasansa ya mai da shi 二, ƙarin biyu ya zama 三. Idan aka ja layi a tsaye ta tsakiyarsa ya zama 十, wato goma. A ɗora wa wannan goman ɗan ja a kai, sai ya koma 千, dubu. Shi ma 二 ja biyu kawai yake buƙata ya zama 五, biyar. Da burushi da baƙar tawada ake rubutu a dā, kuma tawada ɗaya ce a hannun kowa. Magatakardan da ya karɓi buhu goma na hatsi zai iya mai da takardar ta ce dubu cikin ƙiftawar ido, ko kuma wanda ake bi bashi ya wayi gari ya ga bashin ya ninka.

Ƙasar da ke karɓar haraji da hatsi da yadi daga miliyoyin gidaje ba za ta iya zama da irin wannan ɓaraka ba. Maganin da magatakarda suka samo shi ne: a nemi wani harafi da ake furtawa daidai da lambar, mai yawan ja, wanda ba a iya ƙara masa komai ya zama wani abu, a aro shi ya tsaya a madadinta. Sinawa suna kiran waɗannan lambobi "daxie", babban rubutu, na yau da kullum kuma "xiaoxie", ƙaramin rubutu.

Ku lura da kalmar aro. 壹 yana da tasa rayuwar tun kafin a ba shi aikin gadin kuɗi.

Tulu mai murfi

Wajen shekara ta 100 Miladiyya, a zamanin daular Han, wani malami mai suna Xu Shen ya kammala ƙamus da ake kira Shuowen Jiezi. Ya tattara haruffa fiye da 9,000, ya bi kowanne ya warware sassansa bisa tsohuwar siffarsa. Da ya zo kan 壹, bai fassara shi da lamba ba. Ya ce ma'anarsa mai da hankali wuri guda, zuciyar da ba ta rabu biyu ba. Ya kuma ce sassa biyu ne suka haɗa shi: 壺 daga waje, 吉 daga ciki.

壺, wanda ake furtawa "hu", hoton tulu ne. Tun a rubutun Shang ana gane shi: murfi a sama, wuya, ciki mai faɗi, da gindin da yake zama a kai. Irin wannan tulu na tagulla ko na yumɓu ne ake zuba giya ko ruwa a cikinsa wajen bukukuwa da hadayu. A tsohuwar siffar 壹, an zana tulun nan, sai aka cusa 吉 a cikin cikinsa.

吉 yana nufin sa'a ko alheri, amma a ganin Xu Shen sautinsa aka ɗauko. Yawancin haruffan Sinanci haka aka gina su: sashe guda ya nuna fannin ma'ana, ɗayan ya nuna yadda za a furta. A Sinancin Beijing na yau, 吉 "ji" ne, 壹 kuma "yi", kamarsu ba ta fito sosai ba. Sai ka saurari mutanen Guangzhou da Hong Kong, waɗanda harshensu ya riƙe tsofaffin ƙarshen kalmomi: su suna cewa "gat" da "yat". Japanawa, da suka ari haruffan fiye da shekara dubu da suka wuce, suna cewa "kichi" da "ichi". A nan kunne ke tabbatar da abin da malamin ya faɗa. Wasu masanan zamani suna ganin harafin ya fara ne a matsayin reshen 壺 da aka ɗan sauya, daga baya aka gyara cikinsa ya zama 吉 don ya nuna sauti. Ko ta wace hanya aka bi, tulun shi ne asali.

Akwai wani ɗan'uwansa da ba a cika gani ba, wanda ƙamus ɗin ya kawo kusa da shi: tulu iri ɗaya, amma da 凶 a ciki, harafin da ke nufin rashin sa'a. Idan aka jera su biyun, suna bayyana tururi ko iskar da ke murɗawa a cikin rufaffen wuri ba ta fita ba. Wannan yana taimaka mana mu gane yadda aka tashi daga tulu aka isa ga mai da hankali: abin da aka rufe a wuri guda, bai zube ba, bai watse ba. Daga nan zuwa "haɗa abubuwa su zama ɗaya" tafiyar ba ta da nisa.

Mudun Shang Yang

A gidan adana kayan tarihi na Shanghai akwai wani ɗan mudu na tagulla mai kusurwa huɗu da mariƙi. Abin da yake ci bai wuce mililita 202 ba. An ƙera shi a shekara ta 344 kafin Miladiyya a ƙasar Qin, wadda ake furtawa "Cin", bisa umarnin Shang Yang, wazirin da ya sake fasalin dokokin ƙasar da gonakinta da sojojinta. Rubutun da aka sassaƙa a jikinsa ya fayyace girman ma'aunin da ake kira "sheng": awo 16 da kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin ma'auninsu. Wannan "ɗaya" na kashi ɗaya cikin biyar, da 壹 aka rubuta shi.

Wannan shaida ce mai nauyi. Tana nuna cewa shekara 2,300 da ɗoriya da suka wuce, an riga an san ana iya sa 壹 a gurbin 一, kuma a kan wane abu? A kan mudun hukuma, wanda da shi za a auna harajin talakawa.

Bayan shekara 123, a 221 kafin Miladiyya, sarkin Qin ya gama cinye sauran ƙasashe shida, ya naɗa kansa Qin Shi Huang, sarkin sarakuna na farko. Ya ba da umarni a daidaita mudu da sikeli da ma'aunin tsawo a duk faɗin ƙasar, aka sassaƙa umarnin a jikin ma'aunai masu yawa. An ƙara shi har a gindin tsohon mudun nan na Shang Yang. A cikin umarnin 壹 ya fito da ɗaya ma'anar tasa: duk ma'aunin da ya saɓa wa sauran, a mai da shi ɗaya da su. Ke nan a jikin ƙaramin kwano guda ana ganin harafin yana aiki biyu, a gefe yana lamba, a gindi yana nufin haɗe kai. A ganina babu wani abu da ya fi wannan mudu bayyana tarihin harafin.

Yadda tulun ya ɓace

Idan kuka kalli 壹 na yau ba za ku ga tulu ba, ba kuma za ku ga 吉 ba. Abin da ido ke gani sassa uku ne a jere daga sama: 士, sai 冖, sai 豆.

Dalili shi ne gaggawar magatakarda. Rubutun hukuma na zamanin Qin mai lanƙwashe-lanƙwashe ne, ya dace da dutse da tagulla. Amma ma'aikacin da zai cika ɗaruruwan sillayen gora a rana da burushi ba shi da lokacin zana cikin tulu. Sai suka riƙa miƙar da lanƙwasa, suna haɗe layuka, suna zubar da wasu. A zamanin Han wannan salo na magatakarda ya zama shi ne rubutun kowa, kuma dubban haruffa sun rasa kamanninsu na hoto a wannan sauyi.

Murfin tulun ya zama 士. Kafaɗunsa suka zama 冖. Cikin tulun da 吉 da gindin suka narke suka zama wani abu mai kama da 豆. Shi wannan 豆 a Sinancin yau wake yake nufi, 士 kuma malami ko jarumi. Ɗalibi zai iya ƙirƙira wa kansa labarin malami da wake don ya riƙe harafin a ka, babu laifi a haka, amma ya sani babu ruwan wake da malami a asalinsa. Kama ce kawai da hannun marubuta ya haifar. Da salon rubutu mai tsari da ake kira "kaishu" ya zauna da gindinsa, siffar ta tsaya a ja 12, ba ta sake motsi ba. Ko gyaran da gwamnatin Sin ta yi daga 1956, inda aka rage wa haruffa da yawa ja don sauƙaƙa yaƙi da jahilci, bai taɓa 壹 ba.

Wa ya kafa dokar?

Labarin da ya fi yawo a bakin mutane yana danganta waɗannan lambobi ga Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming a 1368. Ɗan talakawa ne, yunwa da annoba suka kashe iyayensa yana saurayi, ya yi bara kafin ya shiga tawaye ya kai ga sarauta. Ya tsani ma'aikatan da ke cin dukiyar talakawa ƙiyayya mai tsanani. A 1385 aka zargi Guo Huan, mataimakin ministan kuɗi da haraji, da haɗa baki da jami'ai a larduna wajen wawure hatsin gwamnati mai ɗimbin yawa. Binciken ya faɗaɗa har ya cinye dubun-dubatar rayuka, ya kuma talauta gidajen masu hali da yawa da aka tilasta wa biyan abin da ya ɓace. An ce bayan wannan ne sarkin ya wajabta rubuta duk adadin kuɗi da hatsi da manyan lambobi.

Shari'ar Guo Huan ta faru, kuma ta yi muni. Amma cewa a lokacin aka ƙirƙiro lambobin, wannan bai tsaya ba. Tun a ƙarni na 17 malami Gu Yanwu, wanda ya yi yawo yana karanta rubuce-rubucen da ke jikin duwatsu, ya ga waɗannan lambobi a wani dutse da ke Dutsen Tai, na zamanin daular Tang. Shi sai ya danganta su ga Wu Zetian, macen da ta hau gadon sarautar Sin da sunanta daga 690 zuwa 705. Zaton nasa yana da dalili, domin an san ta da ƙirƙiro sababbin haruffa, har da 曌 da ta yi wa sunanta.

Sai kuma ƙasa ta fito da abin da Gu Yanwu bai gani ba. A yankin Turfan, a arewa maso yammacin Sin, mutanen dā suna amfani da tsofaffin takardu su yi wa mamaci takalma da hula da ɗamara. Busasshiyar ƙasar wurin ta adana su. Da masana suka warware waɗannan takalman takarda a ƙarni na 20, sai ga yarjejeniyoyin bashi da na hayar gona da lissafin haraji, wasunsu an rubuta su tun kafin a haifi Wu Zetian, kuma da manyan lambobi a ciki. A Japan ma, dokokin da aka tsara a 701 bisa tsarin Tang sun wajabta manyan lambobi a kundayen hukuma, kuma rajistar gidaje ta 702 da ke ajiye a garin Nara har yau tana nuna shekarun mutane da irin wannan rubutu. Wannan ya riga Guo Huan da kusan shekara 700.

Abin da shaidu suka nuna shi ne dabarar ta taso a hankali daga hannun masu rubuta bashi da masu riƙe rumbunan hukuma, waɗanda su ne zamba ke cizo. Sarakuna sun zo sun ƙarfafa ta da doka. Ba ma a lokaci guda jerin ya kammala ba: a takardun Tang ana yawan rubuta bakwai da 漆, kafin 柒 ya zauna.

Sauran 'yan gidan

Kowace lamba da wanda aka aro mata. 貳 na biyu yana nufin mataimaki, ko zuciyar da ta rabu biyu, wato kishiyar 壹 ta fuskar ma'ana. 參 na uku sunan wasu taurari ne da uku daga cikinsu ke jere a sama. 伍 na biyar rukunin sojoji biyar ne, shi ya sa aka raɓa alamar mutum a gefen 五. Waɗannan, kamar 壹, suna da dangantaka da adadinsu. Sauran kuwa sauti kawai ya haɗa su: 肆 na huɗu shago ne ko baje kaya, 陸 na shida tudu, 柒 na bakwai ƙaron itacen da ake shafa wa kwanuka su yi sheƙi, 捌 na takwas tsagawa, 玖 na tara wani baƙin dutse mai daraja, 拾 na goma tsintar abu daga ƙasa. Ɗari da dubu sun zama 佰 da 仟.

A banki yau

Ku da kuka taɓa cika cekin banki kun san ana rubuta kuɗin sau biyu, da lamba da kuma da kalmomi, a rufe da kalmar da ke nuna iyakarsa ke nan. Sinawa ba su da hanyar warware lamba zuwa baƙaƙe kamar yadda muke rubuta "ɗari biyar", domin harafin lambar shi ne kalmar. Manyan lambobi su ne ke yi musu wannan aiki.

Ƙa'idojin da babban bankin ƙasar Sin ya fitar a 1997 sun yi bayani dalla-dalla. Ba a yarda a rubuta 一 ko 二 ko 三 a gurbin adadin kuɗi ba. Ana fara layin da sunan kuɗin ƙasar, 人民币, lambar ta biyo baya ba tare da an bar fili ba, don kada a cusa wani abu a tsakani. Idan adadin ya ƙare a yuan cif, sai a rufe da 整 ko 正, ma'ana daidai, babu ƙari. Yuan 1,409 da jiao 5, wato rabin yuan, misali, ana rubuta shi 人民币壹仟肆佰零玖元伍角.

Har kwanan wata bai tsira ba. Wata na ɗaya, idan aka rubuta 壹月 kawai, mai zamba zai iya sa 拾 a gabansa ya koma wata na 11. Don haka ake fara shi da 零, sifiri: 零壹月. Ranar 15 kuma ba a barin ta 拾伍 tsirara, sai an sa 壹 a gaba, 壹拾伍, don kada wani ya sa biyu a gurbin ya mai da ita 25. A nan 壹 yana toshe gurbin da ɓarawo zai shiga.

Taiwan da Hong Kong suna buga 壹 a takardun kuɗinsu kamar yadda Beijing ke yi. Japan ce ta rage shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma 壱 mai ja 7, kuma shi ke kan takardar yen 10,000, har da sabuwar da aka fitar a watan Yuli na 2024: 壱万円. Idan Bajapane zai kai gudummawar biki, da manyan lambobi yake rubuta adadin a jikin ambulan, alamar girmamawa ga masu bikin.

Yau yawancin Sinawa da waya suke biyan kuɗi, kuma matasa da yawa sukan tsaya su yi tunani kafin su tuna yadda ake rubuta 貳 ko 柒 da hannu. Amma a yarjejeniyar sayen gida, da takardar bashi, da rasit na kamfani, har yanzu sai an rubuta su.

Aikin aji

1. Ku rubuta 壹 sau biyar, daga sama zuwa ƙasa. Ku fara da 士: layi a kwance, layi a tsaye, gajeren layi a kwance. Sai 冖 mai ja biyu. Sai 豆: layi a kwance, 口 mai ja uku, ɗigo biyu masu fuskantar juna, da dogon layi a ƙasa. Ku ƙirga ku tabbatar sun cika 12.

2. Ku rubuta 一 a takarda, ku miƙa wa na kusa da ku. Lambobi nawa zai iya fitarwa daga cikinsa ba tare da ya goge komai ba? Ku sake gwadawa da 壹.

3. Ku karanta waɗannan, ku rubuta su da lambobin da muka saba: 壹拾壹, 伍佰壹拾, 壹仟零壹.

4. Waɗanne shaidu ne suka nuna cewa manyan lambobi sun girmi Zhu Yuanzhang? Ku kawo uku, ku faɗi wadda ta fi gamsar da ku da dalilinku.

5. A sana'arku ko kasuwancinku, wace takarda ce ake iya sauya adadin da ke cikinta cikin sauƙi? Ku tattauna hanyar da za a rubuta ta yadda ba za a iya ƙara mata komai ba.